Daga Dubai zuwa Guangzhou: tikiti ɗaya ko biyu?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Yanzu haka ina Dubai, a unguwar Deira, kuma ina so in isa Guangzhou kafin zango na uku na baje kolin Canton, wanda ake buɗewa ranar 31 ga Oktoba, domin a nan ne ake baje yadi da sutura da takalma. Bizar Sin tana hannuna, amma ta shiga sau ɗaya ce. Na ga jirgin da ke tafiya kai tsaye, sa'o'i bakwai zuwa takwas, sai dai kuɗinsa ya yi mini nauyi. Wani mai sayar da tikiti ya ce zai haɗa mini tikiti biyu na kamfanoni daban-daban, in yada zango a wani birni, in sami rangwame mai kauri. Ina da akwatuna biyu cike da samfurin yadi. Wanda ya taɓa bin wannan hanya ya ba ni shawara, don Allah.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka hau Ethiopian daga Kano, ka sauya jirgi a Adis Ababa, ka sauka Guangzhou hankalinka kwance. Ita ce hanyarmu tun da daɗewa.

Ɗan Kwari: Na gode, amma na ce ina Dubai ne.

Hajiya Mai Leshi: Ƙanena, ka ji tsoron tikiti biyun nan, domin ni ganau ce. An taɓa haɗa mini irinsa daga Dubai, aka ce sa'o'i uku ne tsakanin saukata da tashin jirgi na biyu, kuma babu wata matsala. Jirgin farko ya yi jinkirin tashi. Da muka sauka aka shaida mini cewa kayana ba za su wuce da kansu ba, sai na fita na karɓe su na sake aunawa, alhali fasfona ba shi da izinin shiga ƙasar. Na tsaya a gaban jami'in shige da fice ina nuna masa takarda, yana girgiza kai, ina hango allo yana nuna an rufe ƙofar jirgina. Kamfani na biyu ya ce ban zo ba, tikiti ya ƙone. Na farko ya ce shi ya sauke ni inda muka yi alkawari. A kan kujerar ƙarfe na kwana, na yi sallar asuba a lungu da mayafina, sannan na sayi sabon tikiti da kuɗin da na ware don saro. Akwatina kuwa sai bayan an tashi daga baje kolin ya iso, zip ɗinsa a ɓalle. Wanda ya haɗa mini tikitin har yau bai ɗauki wayata ba.

Malam Na Zinder: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, idan tafiyar tana kan tikiti ɗaya, ko da akwai zango, kamfanin ne ke da alhakin ɗora ka a jirgi na gaba idan an makara, kuma kaya suna wucewa har Baiyun, filin jirgin saman Guangzhou. Idan biyu ne, kowane kamfani nasa kawai ya sani. Ni da China Southern na tafi kai tsaye, kuma abin da na biya zuwa kaɗai bai kai dala 500 ba.

Baban Ummi: Dala 500 a lokacin baje koli? Malam, wani maƙwabcina ya biya sama da 900 a watan Afrilu, kuma da idona na ga rasit.

Malam Na Zinder: Ni a watan Yuni na je, ranka ya daɗe.

Baban Ummi: To ka ga shawararka ba ta shafi mai tafiya a ƙarshen Oktoba ba, lokacin da 'yan kasuwar duniya ke tururuwa gari guda. A bar waɗanda suka san kakar su yi magana.

Malam Na Zinder: Wanda ya tura mutumin da ke Dubai ya je ya hau jirgi a Kano bai kamata ya zama alƙalin wanda zai yi magana ba.

Auta: Ku yi haƙuri iyayena. Alhaji, idan jirgi ya gagara, kakanninmu da raƙumi suka je Makka, sai dai ka tarar da baje kolin baɗi.

Ɗan Farm Centre: Wasu suna sauka Hong Kong su shiga jirgin ƙasa mai gudu daga West Kowloon zuwa tashar Guangzhou ta Kudu, tafiyar kamar sa'a guda. Amma Hong Kong tana da dokar shigarta daban, bizar Sin ba ta wadatar a can, kuma mai koren fasfon Najeriya sai ya nemi tata. Ka kuma tuna agogonsu yana gaban na Dubai da sa'o'i huɗu, kada ka sa ganawa da mai masana'anta a safiyar da ka sauka. Masauki a unguwar Xiaobei ta Guangzhou ka kama tun yanzu, saboda abincin halal.

Hajiya Mai Leshi: Ni dai dillalan nan ne damuwata. Lokacin da Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, mutum nawa aka karɓi kuɗinsu da fasfonsu da sunan akwai hanya ta musamman? An buɗe a 2024, amma kuɗin mutane bai dawo ba.

Ɗan Farm Centre: Wallahi Hajiya, na yayana suna cikinsu. Sai a ce takardu suna ofishin jakadanci, alhali fasfon yana cikin durowar dillali.

Baban Ummi: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wanda nake hulɗa da shi bai taɓa cin amanata ba, matsalar ita ce mutane suna bin mai araha.

Ɗan Kwari: Ina godiya ƙwarai. Amma akwai wanda ya san nauyin kayan da ake bari a jirgin kai tsayen? Mai tikitin ya ce zuwa gobe da azahar kuɗin zai canza.

Hajiya Mai Leshi: Haka nawa ma ya ce mini. Baban Ummi, naka dillalin yana bayar da rasit mai hatimi kuwa?