Neman shawara: duk tsallen da na yi da keke, da tayar gaba nake dira

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu iya tsalle da keken hawan dutse. Kekena na gwanjo ne, taya inci 27.5, mai shakazoba gaba da baya, ta bayan ƙirar kamfanin RockShox ce mai iska. A bayan unguwarmu akwai tsibin ƙasar da aka bari tun zamanin haƙar kuza, a nan muka sa shebur muka gyara wani ɗan tudu, tsayinsa ya ɗara gwiwa da kaɗan, sai rami a tsakiya, sannan gangaren sauka. Da zarar na tashi sai bayan keken ya harbo ni sama, kansa ya sunkuya, in dira a kan tayar gaba ita kaɗai, ƙirjina a kan sitiyari. Wani lokacin in sha da ƙyar, wani lokacin in yi adungure. Na gwada ja da baya har mazaunaina suka kusa taɓa taya, abin ya ƙara muni. Na ƙara gudu, shi ma haka. Daga keken ne ko daga ni?

Acaba Ba Birki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsoro ne kawai ke damun ka. Ka taho da wuta, kana isa bakin tudun ka fizgo sitiyari da ƙarfi ka kwanta baya. Haka muke ɗaga kan mashin.

Bakano a Kardif: Oga Acaba, Allah ya huci zuciyarka, amma wannan shawarar gidan mai ɗori za ta kai yaron nan. Mashin yana da injin da ke tura tayar baya, shi ya sa kansa ke tashi in ka murɗa. Keke ba shi da wannan, kuma ai ya ce ya gwada kwanciya baya abin bai yi ba.

Ɗan Bukuru, yadda za ka dira tun a kan tudun tashi ake yanke shi, ba a sama ba. Tayoyinka biyu ba tare suke barin ƙasa ba. Ta gaba tana fita, babu abin da ke riƙe da ita, ta fara faɗuwa. A daidai lokacin ta baya tana kan tudu, tudun yana ci gaba da cilla ta sama. Gaba na sauka, baya na hawa, to ina keke zai juya in ba gaba ba? Abin da ke hana wannan shi ne ƙafafunka. Kafin ka shiga tudun ka miƙe a kan feda, fedodin a daidaice, gwiwa a ɗan lanƙwashe, haɓarka saitin sitiyari. Kana shiga inda tudun ya fara lanƙwasa sai ka danna keken cikin ƙasa da ƙafa, dunduniya a ƙasa, kana miƙewa a hankali, kuma kada ka gama miƙewar sai tayar BAYA ta bar baki. Nan ne kusan kowa yake kuskure. Mutum yana ganin tayar gaba ta fita sai ya ɗauka an gama, ya saki jiki ko ya tsuguna, tayar baya ta daki baki babu nauyi a kanta, keken ya yi tutsu da shi kamar dokin da aka soka wa ƙaimi.

Kwanciya baya kuma ta fi wannan illa ta hanya biyu. Nauyinka duka ya koma kan shakazobar baya, ka matse ta tam, tana fita baki ta warware da ƙarfinta. Sannan hannuwanka sun riga sun miƙe sambal, babu saura, don haka idan kan keke ya sunkuya sai ya ja ka gaba ɗungurungum. Fizgar sitiyari ma ba ta da kyau, domin hannu ɗaya kullum ya fi ɗaya ƙarfi, sai ka tashi a karkace.

Malamin Fizis: Bari in sa lissafi a maganar Bakano don ka ga ƙanƙantar lokacin. Tsakanin gindin tayar gaba da na baya a irin waɗannan kekunan kusan mita 1.2 ne. In kana gudun kilomita 25 a awa, wato wajen mita 7 a daƙiƙa, tsakanin fitar tayar gaba da fitar ta baya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Ba lokacin tunani ba ne, sai dai jiki ya saba. Shi ya sa ƙarin gudu bai taimake ka ba: ka rage wa kanka lokacin, ka kuma ƙara ƙarfin harbin.

Wani abu kuma, ka lura da yatsanka. Idan ka taɓa birkin baya kana sama, tayar da ke juyawa ta tsaya cak, juyin nan nata ba ɓacewa yake ba, jikin keken yake komawa, kai ya sunkuya. 'Yan tseren babur na ƙasa da gangan suke yin haka idan kan babur ya ɗaga da yawa. Kai kuwa da kan kekenka ya riga ya yi ƙasa, ka ga ƙari ne a kan ƙari.

Kawu Mai Faci: Duk maganarku gaskiya ce, amma ku bari a duba keken tukuna. Keken gwanjo yana zuwa ne da saitin mai shi na farko, wanda ba mu san nauyinsa ba. Ɗana, duba jikin shakazobar bayan, akwai wani ɗan maɓalli ja. A RockShox za ka ga hoton zomo a gefe ɗaya, kunkuru a ɗaya gefen. Shi ke saita saurin da take dawowa bayan ta matse. In yana wajen zomo, harbi za ta riƙa yi. Murɗa shi wajen kunkuru, ƙas ɗaya ko biyu, ka gwada, kada ka kai shi ƙarshe, don in ta yi sanyi da yawa ba za ta riƙa dawowa da wuri a kan gargada ba. Gwajinta mai sauƙi ne: zauna a sirdi ka sauko daga dakalin bakin titi a hankali. Ta nutse, ta dawo, ta tsaya. In ta yi ta lilo da kai, da saura.

Sai iska. Akwai zoben roba a sandar shakazobar. Tura shi har ya taɓa inda sandar ke shiga jikin shakazobar, hau keken da kayan da kake hawa da su, wani ya riƙe maka, sauka a hankali ka ga inda zoben ya tsaya. Ana so ya ci kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon tafiyar sandar. Ta gaba kuwa 15 zuwa 20. In ta gaba ta yi laushi ainun, tun a kan tudu kan keken zai nutse. Famfon taya ba ya wannan aikin, akwai ƙaramin famfonta na musamman, kada ka kai wa mai faci irina ya sa mata kwamfireso.

Wannan kuma ga sauran masu karatu: kekunan kasuwa masu arha da ake sa wa sifirin ja ko rawaya a tsakiya don ado, babu mai a cikinsu da zai rage saurin dawowa, sifirin ne tsirararsa. Ba a tsalle da su. Gara keken da ba shi da komai a baya, in dai firam ɗinsa lafiyayye ne.

Ɗan Bukuru: Kawu, na duba yanzu. Maɓallin yana can ƙarshe wajen zomo. Na mayar da shi tsakiya. Yaya Bakano, tambaya ɗaya: dole ne tayoyin biyu su sauka tare? Wani ya ce min da tayar baya ake fara dira.

Bakano a Kardif: Ya danganta da inda za ka sauka. In fili ne shimfiɗaɗɗe, tare ko ta baya ta ɗan riga. In gangare ne irin naku, keken ya kamata ya bi kwanciyar gangaren, ko da ta gaba ta riga da ƙiris, wannan ba laifi ba ne, haka ma ƙwararru suke yi. Bambancin shi ne su suke tura kan keken ƙasa da hannunsu bayan sun kai ƙololuwa, suna kallon inda za su sauka. Kai kuma juya ka ake yi ba da izininka ba.

Ina kuma zargin tudun naku. Ka ce ya ɗara gwiwa da kaɗan. Auna fuskar da kuke hawa. In ba ta ɗauki tayoyin biyu a lokaci guda har da saura ba, to ko gwani sai ta harba shi, don ta gaba za ta fita ta baya ba ta ma fara hawa ba. Ƙaramin tudu mai tsini ya fi babba mai doguwar fuska wahalar koyo, mutane ba sa yarda da wannan sai sun gwada. Ku ja fuskar ta yi tsawo, lanƙwasarta ta tafi a hankali, kada a bar wani ƙullutu a baki.

Ramin tsakiyar nan ma ku cike shi ya zama tebur. A nan BikePark Wales, filin hawan keken dutse da ke kusa da garin Merthyr Tydfil a Birtaniya, wanda aka buɗe a 2013, layukan masu koyo tebur ne, in ka gaza kaiwa sai ka sauka a samansa ka wuce abinka. Haka filin keke na Whistler a Kanada: sai mutum ya goge a layin da ake kira Crank It Up kafin ya doshi wanda ya fi shi wuya, wato A-Line, ita kanta A-Line ɗin da ake ta zuzutawa yawancinta tebur ce. Rami yana sa ka ƙanƙame jiki, wanda ya ƙanƙame kuwa duk yadda keke ya juya haka zai bi shi.

Ka sauke sirdi ƙasa gaba ɗaya kafin ka yi tsalle. Sirdi a sama shi ma yana dukan mutum ta baya ya tura shi gaba.

Acaba Ba Birki: To ni dai na ji. Amma ko a keken ai sai an iya ɗaga kai.

Bakano a Kardif: Wannan kam gaskiyarka, Oga. Ya koya a fili: ya ɗaga ta gaba da turin ƙafa da ƙugu, ba da lanƙwasa hannu ba, sannan ya miƙe ta baya ta biyo. Ya ajiye kara a ƙasa ya yi ta tsallake shi, gaba tukuna, baya daga bisani. Motsin ɗaya ne da na kan tudu, sai dai a can tudun ne ke yi maka rabin aikin.

Anti Nas: Ba ni da ilimin keke, amma mu ake kawo wa ku. Mai faɗuwa ta saman sitiyari hannu yake miƙawa, abin da ke karyewa kuwa wuyan hannu ne ko ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Ka ce kana adungure: da hular kwano? In ta taɓa dakuwa da ƙarfi a canza ta, ko ba ka ga tsagewa ba, don soson cikinta sau ɗaya yake aiki. Wanda ya bugu a ka ya ji jiri, ko amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya bar hawa a ranar, a kai shi asibiti. Kada kuma ka je wurin kai kaɗai.

Kawu Mai Faci: In za ku sake ginin, ku yayyafa wa ƙasar ruwa ku daddaɓe ta da bayan shebur, ku bar ta ta kwana. Busasshiyar ƙasa rugujewa take a baki ta bar rami daidai inda tayar baya ke bi. Ka kuma duba ƙusar da ke riƙe tayar gaba da wuyan sitiyari, irin wannan dirar tana kwance su.

Malamin Fizis: Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, ba daga gaba ba, wayar a saitin bakin tudun, a yanayin da ke rage saurin hoto. Turo mana daidai inda tayar gaba ta fita ta baya tana ƙasa, gwiwoyinka muke so mu gani.