Renon yara a gida: me ake cirewa daga lampo?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum. Mai renon yara 8 a gidanta a Sabon Gari, nan Damagaram, da mataimakiya guda, za ta iya cire kuɗin haya, kuran da abincin yara kafin a yanka mata lampo?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara duba tsarin da DGI, wato hukumar lampo, ta ɗora ta a kai ranar da aka ba ta lambar NIF, lambar shaidar mai biyan lampo. Ƙananan sana'o'i irin wannan yawanci suna ƙarƙashin impôt synthétique, wato lampon dunƙule. A can ba a cire komai, gwargwadon cinikin shekara ake kimantawa. Sai a régime réel ake lissafin riba, a debe abin da aka kashe, a biya lampon riba a kan saura. Mutane da yawa na tara rasit shekara guda, alhali tsarinsu bai ma duba rasit.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Malam. In tana réel, rabon sana'a kaɗai ake cirewa. Gida mai ɗaki 4 a jika 40 a wata, ɗaki 1 na yara, to jika 10 ke nan. Faktir ɗin NIGELEC ma haka za a raba shi, kuma ma'aunin da aka ɗauka a watan farko shi za a riƙe har ƙarshen shekara. Canza shi wata-wata ne ke jawo tambaya. Shinkafa, madara da sabulun yaran reno a saye su daban da cefanen gida, a kantin da ke ba da faktir mai NIF. Firji ko gadaje ba a cire su tashi ɗaya, rarraba kuɗinsu ake bisa shekarun da za su yi aiki.

Matsalarmu a nan ruwa ce. In famfo ya ɗauke, mai garuwa ba ya ba da takarda. A rubuta rana, jarka nawa da kuɗin a littafi, amma mai binciken DGI na iya ƙin karɓa.

Maman Nafisa: To albashin mataimakiyar fa, Hajiya?

Hajiya Rabi: Ana cirewa in an yi mata rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, tana sa hannu kowane wata. Mafi ƙanƙantar albashi tun 2024 jika 42 ne. Takardun lissafi kuma a adana su shekara 10.