An sa sabon sikirin, waya ta ƙi nuna komai: abin da aka tattara

Ga inda bakin yawancin masu ba da shawara kan wannan matsala ya zo ɗaya:

1. A fara tabbatar da wayar na raye. Idan tana kaɗawa ko kira na shiga, matsalar ta nuni ce kawai.

2. A tilasta mata sake kunnawa. A Samsung, a danne maɓallin kunnawa da na rage murya tare fiye da daƙiƙa 7.

3. A cire batir, a zare igiyar sikirin, a duba haƙoran mahaɗin ko sun lanƙwashe, a mayar a hankali har ya zauna. Nan aka fi kama laifin, kuma dannawa da ƙarfi ɓarna yake ƙarawa.

4. A haska tocila a kan gilashin. Idan hoto ya fito dishi-dishi, hasken baya (fitilar da ke haska sikirin daga baya) ne ya mutu. Wannan gwaji na sikirin nau'in LCD ne, nau'in OLED ba shi da hasken baya.

5. A mayar da tsohon sikirin. In ya kawo hoto, sabon ne jabu ko bai dace da samfurin ba.

Inda aka rabu: idan tsohon sikirin da sabon duka sun ƙi nuna komai. Wasu sun ɗora laifin a kan haɗa sikirin batir na jone, wanda kan ƙona wani abu a injin wayar. Wasu suka ce dogon noti aka ɗaure a ramin gajere, ya huda injin. Ko wanne ne, aikin mai gyaran inji ne, ba na gida ba.