Na maƙale wurin biyan tikitin Alƙahira

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Kaduna nake shirya tafiya Masar da kaina, ba ta hannun ejan ba. Jirgi daga Abuja na zaɓa a intanet, masauki ma na samu kusa da Azhar. Biyan tikitin ne ya gagara, yau kwana 4.

Katin naira nan take ake ƙin sa. Na koma katin dala, sai a ce an turo lambar tabbatarwa ta waya, ba ta shigowa har lokaci ya ƙare. Na je banki, suka ce katin lafiyarsa lau. Na gwada kwamfuta, duk kanwar ja ce. Kuɗin tikitin kuwa kullum hawa yake, abin ya dame ni ƙwarai.

Don Allah wanda ya taɓa saye da kansa, yaya ya yi lambar ta shigo?