Abin da na tsinta daga tattaunawarmu kan bakwaini

Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta wuri guda.

1. Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, ba lallai sai wata bakwai ba.

2. Kowa ya yarda ɗumi ne kan gaba, balle a sanyin Jos lokacin hunturu. A kwantar da shi tsakanin nonon uwa, fata da fata, da hula da safa, a ɗaure da zani. Ma'aikatan jinya sun kawo binciken 2021 da aka yi a ƙasashe biyar, har da Najeriya: fara hakan da zarar an haihu ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi awa 8 zuwa 24 kullum. Uba ma zai iya karɓar uwar, kodayake mazan nan sun yi gum.

3. Nono zalla. In bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi.

4. An rabu kan gasa cibiya. Iyayenmu sun ce haka suka saba, masu aikin asibiti suka ce chlorhexidine kawai, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafawa a cibiya. Ni dai ina tare da masu aikin asibitin.

5. Taron suna ma ba a daidaita ba. Wasu sun ce a raɗa suna, a yanka rago, a ɗage taro saboda hannun 'yan barka.

6. Ciwon shawara, ƙin shan nono ko ɗaukewar numfashi: asibiti nan take.