Me zai sa injinan wata duniya su yaƙi ɗan Adam a labarin da nake rubutawa?

Ɗan Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, inda wasu injina masu sarrafa kansu suka taso daga wata tauraruwa mai nisa suka ragargaza biranen duniya, sauran mutanen da suka rage suka tsere cikin jiragen sararin samaniya guda uku. A babi na 14 na cije, domin ƙanwata da ke duba mini rubutun ta ajiye takardun a kan tabarma ta tambaye ni dalilin da zai sa abin da ba shi da zuciya ya tsane mu. Na rasa amsa, kuma ba na so in kuɓutar da mutanena da wani makamin da zai faɗo daga sama. Ina neman shawararku.

Malamar Kimiyya, Bukuru:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗora musu ƙiyayya ko kaɗan. Tun a shekarun 1940 masanin lissafi John von Neumann ya yi nazarin na'urar da za ta iya ƙera irinta, kuma irin wannan na'ura ƙarfe da makamashi kawai take nema domin ta hayayyafa. Kai da kake Jos, ka je ka tsaya a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, ka dubi ruwan nan mai zurfi da ya kwanta inda a da ake noma. Waɗanda suka haƙa ramin ba gaba suke yi da manomi ba, abin da ke ƙarƙashin gonarsa suke so. A ganina wannan ya fi ƙiyayya ban tsoro, domin mai ƙinka yana iya jin magiya.

Injiniya, Kubwa:
Malam, ka riƙe nisa a matsayin garkuwar mutanen da suka tsere. Hasken Proxima Centauri, tauraruwar da ta fi kusa da rana, sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu, kuma kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara. Saboda haka jikokin jikoki ne za su sauka, kuma babban yaƙinsu shi ne tattalin ruwa da iri da iskar shaƙa, tare da kashe duk wata rediyo da za ta tona inda suke.

Ɗan Anguwar Rogo:
Allah ya saka muku da alheri. Malama, ranar Asabar in sha Allahu zan je bakin kududdufin da littafin rubutuna. Injiniya, idan an hana rediyo, ta wace hanya jiragen uku za su san cewa 'yan'uwansu suna raye?