Abin da muka tattauna a Agege kan ƙwayoyin halittar hanji

Daren Asabar a majalisarmu ta Agege, Alhaji ya fito da kwalbar kafso da ya saya a kasuwa, wai yana gyara ƙwayoyin hanji, wato ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanjin mutum, ya kori ciwon suga. Akwai likita a cikinmu, sai hira ta koma can. Ga abin da na tsinta.

Likita ya ce a fara tambaya: a kan wa aka yi binciken da ke haɗa ƙwayoyin hanji da ciwon suga? Da yawa a kan ɓeraye ne. Na mutane kuma galibi a Amurka da Turai aka ɗebi samfurin, ba a cikin masu cin tuwo da miyar kuka ba.

Inda ya fi daɗewa shi ne bambancin haɗuwa da sanadi. In an ga hanjin mai suga ya bambanta da na mai lafiya, wataƙila cutar ce ta sauya ƙwayoyin, ko abincinsa, ko maganin metformin da yake sha. Ya kawo misalin Barry Marshall da Robin Warren, waɗanda suka nuna ƙwayar Helicobacter pylori na jawo gyambon ciki, suka sami kyautar Nobel a 2005. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a kashe ƙwayar, gyambon ya warke.

Wani ɗalibi ya ƙara da cewa a duba mutum nawa aka gwada, kuma wa ya biya kuɗin aikin. Ni wannan ya fi damuna, don kamfanin da ke sayar da kaya ba zai so mummunan sakamako ba.

"Alhaji, kada ka ajiye maganin asibiti," in ji likita. "In don hanji ne, nono da wake da ganye suna nan kasuwar Mile 12."